Zoben Ƙugu da Kunyar Manya

Ranar da na fara gwadawa, sai da na rufe ƙofar ɗaki, na saki labule, na kasa kunne har na tabbatar babu motsin kowa. Da wani zai leƙo a lokacin, da ya rantse wani mugun abu nake shirin aikatawa. Alhali abin da ke hannuna zoben roba ne na 'yata, irin wanda yara ke sawa a ƙugu suna juyawa, wanda masu sayarwa ke kira Hula Hoop. Hular nan ba ta sawa a ka ba ce, zan zo kanta. Na zura shi ta ka, na tsayar da shi a ƙugu, na wurga shi gefe kamar yadda na ga tana yi, na hau murguɗa jiki. Ko zagaye biyu bai cika ba ya sulale ya faɗo mini a yatsun ƙafa. Na ɗauka na sake, ya sake faɗuwa. Na yi wajen sau 20, sai haki da zufa, na jingine shi inda na same shi, na fito ina gyara riga kamar ba ni ba.

Shekaruna 47, aikina na zama ne, daga kujera sai kujera. Watanni kafin wannan rana likita ya gwada jinina, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, jikinka yana bin ka bashi." Na yi abin da mutane da yawa ke yi idan aka tsorata su: na je wani gidan motsa jiki na biya kuɗin wata uku a dunƙule, na sayi takalmi da riga, na je sau biyar. A zuwa na biyar ina kan na'urar gudu ina kallon bango, ina ƙirga daƙiƙoƙi kamar mai jiran a sake shi daga kurkuku, na san a raina ba zan dawo ba. Ban dawo ba kuwa. Katin yana nan cikin jakata, duk sanda na buɗe sai ya harare ni.

Dalilin da ya sa zoben 'yata ya ƙi ni, daga baya na gane shi, kuma ba laifin ƙuguna ba ne kaɗai. Zoben yara ƙarami ne, ba nauyi, saboda haka yana zagaya jiki da sauri, kuma dole mai juya shi ya bi wannan saurin. Babban mutum mai kauri a tsakiya idan ya shiga irin wannan zobe, ɗan sararin da ya rage tsakaninsa da robar ba ya isa. Na manya daban yake. Idan ka tsayar da shi a ƙasa a gabanka ya kamata samansa ya kai cibiya ko ya ɗan wuce, wato faɗinsa ya kai mita ɗaya ko kusa da haka. Gwargwadon girmansa gwargwadon yadda yake zagayawa a hankali, sai jiki ya samu lokacin kama kiɗan. Masu yin abin da gaske sukan haɗa nasu da kansu: su yanki bututun roba irin na ban-ruwa, tsawon mita uku da ɗan wani abu, su lanƙwasa shi, su haɗa bakin biyu da mahaɗi, su naɗe shi da salatif don ya riƙa kama riga. Haka na yi nawa.

Abu na biyu da na yi kuskure shi ne motsin kansa. Ido yana ganin zobe na zagayawa sai ya ɗauka ƙugu ma zagaye yake yi, shi ya sa sabon shiga ke ta murɗa kwankwaso kamar mai tuƙa abu a tukunya. Abin ya fi haka sauƙi. Ka sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ka ɗan saki gwiwa, ka riƙa tura nauyinka gaba da baya. Zoben ya zo ciki ka tura shi, ya zo baya ka tura shi. Shi ke nan. Da sabon zobena da wannan ɗan sani, a yamma ta uku na ƙirga zagaye 40 kafin ya faɗi, kuma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a ɗaki. Rabon da motsa jiki ya sa ni dariya tun ina makarantar firamare.

Wannan dariyar ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, yawancin manyan da suka kasa riƙe motsa jiki ba lalaci ne ya kayar da su ba. An koya musu ne cewa motsa jikin babba dole ya zama horo, da ɗaure fuska da cije haƙori, kuma duk wanda aka ga yana jin daɗinsa to wasa yake yi, wasa kuwa na yara ne. Mutum zai iya jure horo na sati biyu ko uku idan tsoro na bin sa. Da tsoron ya lafa sai ya ajiye. Abin da yake marmari kuwa, gobe ma zai koma masa ba tare da an aiko masa da likita ba.

A duba alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. A rahoton da ta fitar a 2024 ta ce kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, mutum biliyan 1.8, ba sa samun motsin da jiki ke buƙata. Mata sun fi yawa a ciki, kashi 34, maza kashi 29. Lissafin na shekarar 2022 ne, kuma ya fi na 2010 muni. Abin da ake nema a wurin babba bai taka kara ya karya ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wanda zai ɗaga bugun zuciya ya sa numfashi ya ɗan yi sama, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Duk da haka kusan mutum ɗaya cikin uku ya kasa. An shekara da shekaru ana yi wa mutane wa'azin lafiya, gidajen motsa jiki sun ƙaru, agogon ƙirga taku ya cika hannaye, adadin marasa motsi kuma sai hawa yake. Idan magani ya daɗe ana sha ciwo na ƙaruwa, ya kamata a sake duba maganin. Ni a ganina wa'azin ya tsaya a kan tsoratarwa da lissafi, ya manta da tambayar da ta fi kowacce muhimmanci: wane motsi ne mutumin nan zai so ya sake yi jibi?

Ita kanta hukumar ta ɗan sassauto. A tsohuwar ƙa'idarta sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi. A ƙa'idar 2020 ta cire wannan sharaɗi, ta ce kowane motsi yana shiga lissafi. Wannan ya buɗe wa irin su zobe ƙofa, domin shi abu ne da ake yi minti biyar da safe, minti bakwai da yamma, a sararin da bai wuce taku biyu ta kowane gefe ba. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar abokin yi, ba a fita titi, ruwan sama da rana ba su da ruwa da shi. Ga macen da fita gudu a waje ke mata wuya, saboda reno ko tsaro ko idon mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tarihin abin ya nuna yadda aka yi ya koma hannun yara kaɗai. Zobe a matsayin abin wasa da motsa jiki tsoho ne ƙwarai. Girkawan da suna gara shi da sanda, har akwai hotonsa a jikin tukwanensu na sama da shekara 2,400 da suka wuce. Wasu ƙabilun asali na Amurka ta Arewa suna da rawar zobe tasu mai ma'ana da daraja a wurinsu, wadda har yau ake gasarta duk shekara a gidan tarihi na Heard da ke Phoenix a jihar Arizona, kuma ba a haɗa ta da abin wasan kanti. Sunan hula kuwa na rawar mutanen tsibiran Hawai ne, an ara shi ne saboda kaɗa ƙugun mai zobe ya yi kama da nasu.

Na roba da muka sani ya fito ne a 1958. Wasu abokai biyu a Kalifoniya, Richard Knerr da Arthur Melin, masu kamfanin kayan wasa na Wham-O, suka samu labarin cewa 'yan makaranta a Ostireliya suna juya zoben gora a darasin motsa jiki. Suka ƙera nasu da wata sabuwar roba mai suna Marlex, suka bi filayen wasan yara suna nunawa, suka sa masa kuɗi dala 1.98. Cikin wata huɗu suka sayar da miliyan 25. A wannan shekarar manya ma sun yi, hotunan lokacin cike suke da iyaye mata da maza masu kwat suna fama da shi a kan titi. Sai dai abin ya zo kamar wutar kara, kafin shekara ta fita kasuwar ta mutu, aka bar kamfanoni da tulin kaya a sito. A Japan ma ya shiga da ƙarfinsa a wannan shekarar, sai jita-jita ta bazu cewa yana murɗe hanji, cikin 'yan makonni kowa ya jefar da nasa. Daga nan ya zauna a sashen yara na kantuna, ƙarami, marar nauyi, mai launi kala-kala. A 1999 aka shigar da shi jerin fitattun kayan wasa na Amurka, wanda karramawa ce, amma ta ƙara buga masa hatimin yarinta.

A lura da abu ɗaya: a Ostireliya inda aka kwaikwayo shi, kayan darasin motsa jiki ne. Kasuwa ce ta mai da shi abin wasa zalla, ta rage masa girma daidai ƙugun ɗan shekara takwas, sannan manya suka gwada ya faɗi suka ce sun tsufa. Ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan a ranar farko.

Dawowarsa hannun manya ta faro ne a shekarun 1990, lokacin da wata ƙungiyar makaɗa a jihar Colorado ta riƙa jefa wa 'yan kallo manyan zobba na bututun ban-ruwa a wuraren wasanta. Mutane suka ga ashe babban zobe na zama a ƙugun babba, aka fara buɗe azuzuwa, aka fara haɗa shi da rawa. A watan Oktoba na 2009 Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, tana da shekara 45, ta tsaya a filin Fadar White House gaban 'yan jarida ta juya shi sau 142 a wani taron lafiyar yara. A zaman kullen korona na 2020 kuwa, da aka rufe gidajen motsa jiki, sai ya mamaye TikTok. Akwai kuma masu kai abin ƙololuwa: Marawa Ibrahim ta juya zobba 200 a lokaci guda a 2015, Jenny Doan ta yi awa 100 tana juyawa a birnin Chicago a 2019. Waɗannan sai dai a yi musu tafi, ba da su nake ba.

Wanda zai ce duk wannan labari ne, jiki me ya samu, yana da gaskiyar tambaya. An gwada, kuma sakamakon ya isa a faɗa ba tare da ƙarin gishiri ba. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse sun sa mata 16, daga 'yar shekara 16 zuwa 59, suka yi rabin awa suna juya zobe ana auna su. Bugun zuciyarsu ya kai matsakaicin 151 a minti, suka ƙona wajen kalori 7 a minti, wato 210 a rabin awa. Wannan ya yi kafaɗa da kafaɗa da azuzuwan motsa jiki masu sa mutum jiƙewa sharkaf. Amma a san cewa matan nan sun riga sun iya, kuma suna haɗawa da taku da ɗaga hannu. Wanda ya tsaya cak yana kallon talabijin zobe na yawo a ƙugunsa ba zai kai haka ba.

A Jami'ar Waterloo ta Kanada an yi wani gwajin da aka wallafa a 2015: sati shida da zobe mai nauyi, ƙugu ya ragu da santimita 3.4 a matsakaici. Mata 13 ne suka kai ƙarshen gwajin, kuma juriyar tsokar bayansu da cikinsu ba ta ƙaru ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na Helsinki a ƙasar Finland, na 2019, domin an gwada zobe da tafiyar ƙafa kai da kai. Mutum 55 masu ƙiba, kusan dukkansu mata, suka yi sati shida suna juya zobe mai kilo 1.5 na kusan minti 13 a rana, suka kuma yi sati shida na tafiya. Da zobe ƙugu ya ragu da santimita 3.1, da tafiya 0.7. Zobe ya ƙara tsokar gangar jiki ya rage mugun kitsen jini. Tafiya kuma ta sauke hawan jini ta ƙara kitsen jini mai amfani. Nauyin jiki fa? Wajen rabin kilo a kowane ɓangare. Sikeli bai san an yi wani abu ba.

Abin da na karanta a nan shi ne, zobe motsa jiki ne na gaske, matsakaici, mai ɗan taɓa ƙugu fiye da tafiya. Santimita uku kusan faɗin yatsu biyu ne. A ramin bel ana ganinsa, a hoto ba lalle ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin ma gajere. Kuma ni da likita ya ja wa kunne kan hawan jini, binciken Helsinki ya gaya mini ƙarara kada in bar tafiya. Ban bari ba.

A nan ne nake da faɗa da 'yan kasuwa, domin su ne za su sake kashe abin kamar yadda aka kashe shi a 1958. Ka buɗe intanet ka ga yadda ake tallarsa: hoton tumbi a hagu, hoton shafaffen ciki a dama, kwana 14 tsakani. Suna cewa zobe na narkar da kitsen ciki saboda a nan yake bugawa. Jiki ba ya aiki haka. Idan yana bukatar mai sai ya ɗebo daga ko'ina ta hanyar jini, ba ya duba inda roba ke gogawa. Mafi muni su ne masu sayar da zobba masu nauyin kilo biyu da uku, da ƙulle-ƙulle a ciki, suna gaya wa mata cewa tabon da ke fitowa a ƙugu alamar kitse ne ke farfashewa. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Baƙin tabon nan ƙananan jijiyoyin jini ne suka fashe a ƙarƙashin fata, daidai da wanda ya bugu da ƙofa. Ka ga har a abin da aka yi don daɗi sai da aka dawo da tsohuwar aƙidar nan ta cewa in bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Matar da aka yi wa alkawarin sabon jiki a sati biyu, ta wayi gari da tabo da tumbinta yana nan, za ta jefa zoben bayan kabad ta ƙara yarda cewa ita ce ba ta da rabo. An sai da kare an sayi biri.

Akwai kuma sabon samfurin da ya yi tashe a zamanin kulle, wanda ake ɗaure shi cif a ƙugu kamar bel, wani ɗan dunƙule mai nauyi a bakin igiya yana zagayawa a kan layinsa. Abin alfaharin masu shi shi ne ba ya faɗuwa. Ba na hana kowa, wanda ya motsa da shi ya fi wanda ke kwance. Amma ni a wurina sun cire ainihin abin. Faɗuwar ita ce malamar. Saboda zoben na iya faɗuwa ne hankalinka ke tattaruwa wuri ɗaya, ka ji ya fara sauka ka ƙara sauri ko ka ɗan durƙusa ka tallafo shi, ka yi jiya 40 yau ka nemi 60. Minti goma kan wuce ban sani ba, ni da nake ƙirga daƙiƙa a kan na'urar gudu. Mutum yana son ya ga yana ƙwarewa a wani abu, kuma manya da yawa sun shekara 20 ba su koyi sabon abu da jikinsu ba.

Masana ma abin ya ja hankalinsu. A 2004 aka ba wasu masu bincike biyu, Ramesh Balasubramaniam da Michael Turvey, kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke fara sa mutum dariya kafin ya sa shi tunani, saboda nazarin yadda kwankwaso da gwiwa da idon sawu ke haɗa kai su riƙe zobe. A ƙarshen 2024 kuma wasu masana lissafi a Jami'ar New York, ƙarƙashin Leif Ristroph, suka ƙera ƙananan gangar jiki iri-iri suka ɗora su a kan inji suna kaɗawa. Suka gano cewa sa zobe ya zagaya ba wuya a kowace siffa, amma hana shi sauka yana bukatar abu biyu: gangare irin na kwankwaso da zai riƙa tura shi sama, da lanƙwasa irin ta ƙugu da za ta riƙe shi. Wato mai siffar kalangu ya ci riba tun daga halitta. Ni da na fi kama da randa sai na biya da ƙarin sauri da ƙarin girman zobe. Na ji daɗin wannan bincike, ya wanke ni daga zargin da na daɗe ina yi wa kaina.

Saura babbar maganar, wadda ta sa na saki labule. Kunya. Babban mutum, musamman namiji, bai yarda a gan shi yana kaɗa ƙugu ba, bai kuma yarda a gan shi yana koyon abu yana kasawa ba. Na biyun ya ma fi ƙarfi. Yaro zai faɗi sau ɗari gaban kowa ya tashi ya ci gaba, babba kuwa ya gwammace a ce bai taɓa gwadawa ba da a ce ya gwada ya kasa. Na ga abokai da suka ƙi koyon iyo, suka ƙi hawa keke, suka ƙi tsallen igiya, duk don kada girma ya faɗi. Amma girman nan da ake tattali, a kujera yake zaune yana tara suga da hawan jini. Ranar da aka kwantar da mutum a gadon asibiti ana juya shi ana goge shi, kunyar da ya guje wa ta zobe ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ina ganin mutunci na gaske yana iya ɗaukar minti goma na abin dariya a rana ba tare da ya tsage ba.

Maganar cewa abin mata ne, tarihi bai goyi bayanta ba, kasuwa ce ta raba. Gaskiya ne a gasar Olamfik zobe yana cikin wasan lanƙwasa jiki na mata, wanda aka shigar tun gasar Los Angeles ta 1984, kuma masu tallar yau mata suke nufa domin sun san inda damuwar ƙugu ta fi ciwo. Amma a rawar zobe ta ƙabilun Amurka maza sun daɗe a gaba, kuma ƙashin bayan namiji mai zaman ofis yana bukatar motsi kamar na kowa. Zuciya idan tana bugawa 140 a minti ba ta tambayar wane launi ne salatif ɗin.

Akwai masu cewa in dai da gaske ake, a je a ɗaga ƙarfe a yi gudu, a bar wasan yara. Ba na musu cewa ɗaga ƙarfe ya fi gina tsoka da ƙashi, zobe ba zai maye gurbinsa ba, kuma kwana biyun nan na ƙarfafa tsoka suna nan a wuyan kowa. Amma masu wannan magana galibi mutane ne da suka riga suka sami abin da suke so, gudu yana musu daɗi kamar yadda zobe ke mini. Suna kwatanta zobe da atisayen da ya fi kowanne kyau a takarda. Mutum biliyan 1.8 ɗin nan kuwa, abin da ke gabansu shi ne zobe ko kujera, rawa ko kujera, ƙwallo da jikoki ko kujera. Da likitoci da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo da masu tsara wuraren aiki za su riƙa tambayar mutum abin da ya fi so yana yaro kafin su rubuta masa minti 150, ina jin da an fi samun masu cikawa. Ni babu wanda ya tambaye ni. An ce in motsa, na nufi inda na ga ana shan wuya, don na ɗauka can ne lafiya take.

Ba kowa ne zai ɗauka kai tsaye ba. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata a ciki ko baya kwanan nan, da mai ciwon baya irin wanda ke sauka har ƙafa, da mai shan maganin tsinka jini, su fara jin ta bakin likita. Sauran kuwa su fara da babba marar nauyi sosai, wanda bai kai kilo ɗaya ba, minti biyu zuwa uku a rana, su ƙara a hankali. In fata ta yi tabo a huta har ya baje. Kuma a riƙa juyawa ta ɓangare biyu, don kowa yana da ɓangaren da jikinsa ya fi so, ɗayan kuma sai ya zama kamar rubutu da hannun hagu.

Wata na bakwai ke nan. Ramin bel ɗaya na ci, jinina ya ɗan sauka, ko da yake tafiya da rage gishiri suna da kaso a ciki, ba zan ba zobe ladan da ba nasa ba. Asirina ya tonu tun a wata na biyu, ranar da na manta ban sa sakata ba. 'Yata ta turo ƙofa ta tsaya, ta dube ni, ta dubi zoben da na naɗe da baƙin salatif don ya yi kama da kayan manya. Na jira dariya. Sai ta ce, "Baba, kana ɗaga kafaɗa da yawa, ka sake su." Na sake su, zoben ya daidaita. Yanzu ita ke ƙirga mini. Ta dama nakan yi minti 12 bai faɗi ba. Ta hagu, jiya na kai 31, ta ce 29 ne, biyun ƙarshe a gwiwa suke.